Sunusi da Rediyon Motar Surukinsa

A Haɗeja akwai wani mutum ana ce masa Sunusi. Wanda bai san shi ba bai yi asarar komai ba. Sana'arsa gyaran injin ban ruwa a fadama, in har abin da yake yi ya kai a kira shi gyara. Manoman shinkafar da suka taɓa ba shi injinsu ba su ƙara ba. Amma in ka zauna kusa da shi wurin mai shayi, sai ka rantse shi ya koya wa Turawa haɗa jirgin sama. Ya taɓa zama a Kano, bai cika damina ɗaya ba aka koro shi, amma duk zancen da aka ɗauko sai ya ce lokacin da muke Kano.

Matarsa Adila ita ce 'yar farin Alhaji Bunu, wani dattijo Babarbare mai fataucin busasshen kifi da iyayensa suka taso daga bakin Tafkin Chadi. Alhaji yana da wata tsohuwar Fijo fara, wadda ya saya tun Sunusi yana yawo ba wando. Kullum a wanke take. Rediyonta na kaset ne, wanda ya zo da ita daga kamfani, kuma ba a taɓa kwance masa ko noti ɗaya ba. Alhaji ba mai yawan magana ba ne, amma wannan kam yana faɗa.

Da idon Alhaji ya fara rauni, 'ya'yansa suka hana shi tuƙi. Sai ya ce zai damƙa makulli ga wanda zai riƙa kai shi unguwa, mota kuma ta riƙa kwana a ƙofar gidan wannan mutumin. Mutum biyu ne suka sa rai: Sunusi, da Shu'ibu ɗan ƙanen Alhaji, mai jan adaidaita. Sunusi ya ƙwallafa ransa a makullin nan har abinci ya daina yi masa daɗi. Tun ba a ce komai ba ya share ƙofar gidansa, ya kafa rumfar zana, ya gaya wa 'yan majalisa su fara koyon gaishe shi daga nesa.

To, ruwan da ya shigo gari bara ya jiƙa buhun kaset-kaset ɗin Alhaji, duk kiɗan ganga da algaita na can garinsu. Adila ta sa aka tura masa irin wannan kiɗan a salularsa, sai dai muryar salula ba ta kai kunnen tsoho. Wata ranar Juma'a da aka taru gaisuwa a zaurensa, ya ce da za a sami hanyar da kiɗan nan zai riƙa fitowa ta sifikun mota, da ya ji daɗi.

Tsakanin Alhaji da Sunusi akwai kunya irin ta mutanen da. Tun da aka ɗaura aure ba su taɓa haɗa ido ba. In Sunusi ya zo gaisuwa, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya tsuguna. Alhaji ba ya kiran sunansa, ba ya ma kiran sunan Adila tunda 'yar fari ce, sai dai ya ce mijin yarinyar nan. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu sai ta bi ta bakin Malam Yunusa, aminin Alhaji, ko da a tabarma ɗaya suke. Malam Yunusa kuwa ba ya isar da saƙo tsirara. Sai ya yi gyaran murya, ya sa wa saƙon riga, ya ɗora masa hula, sannan ya miƙa.

Shu'ibu ne ya fara magana. Ya ce akwai wani kaset mai wutsiya a kasuwa, a tura shi bakin rediyo, a soka wutsiyar a salula, shi ke nan. Sunusi ya yi murmushin tausayi, ya karkata wajen Malam Yunusa.

"Malam, a gaya wa Baba wannan na masu adaidaita ne. Mota irin tasa aikin ciki take so. Buɗe rediyon ake yi a dasa masa kebul a cikin hanji. Lokacin da muke Kano da ido rufe muke yin sa."

Malam Yunusa ya yi gyaran murya ya isar, har da ƙarin addu'a. Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Bai so ba. Amma ba ya iya ce wa mijin 'yarsa a'a a gaban mutane, ko da ta bakin wani. Ƙarshe ya ajiye makulli da salular a kan tabarma, ya ce wa Yunusa, "Ka ce masa ya bi ta a hankali."

Sunusi ya tuƙo motar zuwa gida yana danna hon a kowace kwana, ko da ba kowa a hanyar.

Washegari ya shimfiɗa tabarma a rumfa ya baje kayan aiki: filaya, sukundireba mai karyayyen baki, wuƙar da Adila take feɗe kifi, da wata doguwar ƙusa da yake sa wa a garwashi don narka dalma. A tsallaken hanya Asabe mai ƙosai take zama, mace mai bakin da ba ya hutawa. Ta gyara kujerarta yadda za ta gani sosai.

Rediyo ya ƙi fitowa. Sunusi ya ja, ya girgiza, ya zage shi. Sannan ya zura wuƙa a gefe ya banƙara. Fuskar rediyon ta tsage gida biyu, maɓallin ƙara murya ya yi tsalle ya faɗa kwata.

"Sunusi," in ji Asabe, "gyara ake ko fiɗa?"

"Ke dai ji da ƙosanki."

"Nawa in na juya shi yana tashi. Naka na ga yana kwanciya."

Sunusi ya sake ja da ƙarfi. Ya zaro rediyon, sai ga wayoyi a bayansa kamar saiwar albasa, ja da kore da rawaya da mai ɗigo-ɗigo. Ya tsaya yana kallo. Injin ban ruwa waya biyu gare shi, ja da baƙa, kuma yana ba gona guda ruwa. Don haka ya yanke hukunci cewa sauran duk ado ne, Turawa suka sa don su ruɗa talaka. Ya gaya wa mutanen da suka fara taruwa haka, ya shiga datsa. Akwai wata mai tauri a can ƙasa kusa da gwiwar direba, ta ƙi yankuwa har sai da ya taka filaya da ƙafa. Wayar buɗe bonet ce. Bai sani ba, bai kuma tambaya ba.

Aka zo gwaji. Ya haɗa wannan da waccan, hon ya ɗauki kuka, tumakin unguwa suka watse, wata tunkiya ta bi ta kan tiren Asabe. Ya raba su ya haɗa wasu, waifa ta fara sharar busasshen gilashi. Ya sake, fitilun mota suka kama da rana tsaka. Wani dattijo daga cikin 'yan kallo ya ce ai ci gaba ake samu, saura tayoyi su fara juyawa da kansu. Can sai aka ji ɗan ƙas, komai ya ɗauke. Fiyus ya ƙone.

Wannan bai dami Sunusi ba. A fadama in fiyus ya ƙone ba a zuwa gari neman wani, ƙusa ake sokawa a ci gaba da ban ruwa. Ya soka ƙusa. Kuma tunda injin ban ruwa ba ya jiran makulli, bai ga dalilin da zai sa rediyo ya jira ba. Ya lalubo wata jar waya a ƙarƙashin sitiyari wadda take da wuta ko mota a kashe take, ya ɗaura rediyon a jikinta kai tsaye, ya naɗe da leda.

Saura kebul. Ya sayo mai tsawo a kasuwa, ya yanke kai ɗaya, ya liƙa da dalma a inda ransa ya ba shi cikin rediyon. Ya soka ɗaya kan a salular Alhaji, ya kunna kiɗa. Shiru. Ya ce bakin kebul ɗin ne ya ƙone, ya yanke, ya sake liƙawa a wani wuri. Shiru. Haka ya yi ta yi, yana yanka yana liƙawa, kebul yana raguwa, har ya dawo bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Sai ya ce to ramin salular ne ya yi yawa, kebul yana rawa a ciki. Ya ɗauko gam mai ƙarfi ya tsiyaya. Salula da rediyo suka zama abu ɗaya.

Adila ta leƙo daga zaure da kwanon abinci. Ta dubi tabarma, ta dubi ramin da ke gaban motar.

"Malam, duk wannan daga cikin motar Baba ya fito?"

Ya ce mata aikin injiniya sai an wargaza ake haɗawa, mace ba za ta gane ba.

"Na gane," in ji ta. "Amma in ta ɓaci, ba da bakina za a kai labari ba." Ta ajiye kwanon ta koma.

Haka aka kwana biyu, mota a buɗe, Sunusi yana ce wa duk mai wucewa saura ƙiris.

Wata safiya, ranar kasuwa, yana tsugune ya kunna kiɗa a salular, ya sa ta a kan maimaitawa, yana taɓa nan yana taɓa can ko Allah zai sa a ji wani abu, sai ga Shu'ibu a adaidaita. Ya ce an yi rasuwa. Sarkin ruwan wani ƙauye a hanyar Guri, abokin Alhaji tun suna samari, ya cika da asuba, har an kai shi. Alhaji yana son mota yanzu-yanzu ya je ta'aziyya. Shi Shu'ibu zai biyo baya da mata. Yana magana yana miƙa wuya, Sunusi kuma yana baza babbar riga yana tare masa.

"An gama aikin ne, injiniya?"

"Tun jiya. Gogewa nake."

Shu'ibu yana juya baya, Sunusi ya tattara komai da hannu biyu, wayoyi da rediyo da salular da ke manne da shi, ya cusa cikin ramin, ya danna da gwiwa. Ya ɗaure da robar tayar keke, ya yafa ɗankwalin Adila a kai. Ya murza makulli yana salati a zuci. Mota ta tashi. Nan take ya dawo Sunusinsa, ya leƙo ta taga ya ce wa Asabe ta gaya wa masu dariya su zo su gani.

Alhaji ya shiga baya, don kada ya zauna kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yarsa. Malam Yunusa ya zauna gaba. Sunusi ya karkatar da madubi sama don kada ido ya haɗu. Suka fita gari.

Ba su yi nisa ba Alhaji ya ce, "Yunusa, tambaye shi ina salulata."

Malam Yunusa ya yi gyaran murya, ya ce Alhaji yana gaishe shi da ƙoƙari, yana yaba hidimar da yake yi, kuma in ba takura, yana son sanin halin da salularsa take ciki.

"A gaya wa Baba tana ciki," in ji Sunusi. "Tana sabawa da rediyon. Haka ake yi yanzu."

Aka isar. 

Suka sauka daga kwalta suka hau hanyar fadama, wadda ruwan damina ya bari duk ramuka. Shinkafa ta ko'ina, mata suna ta yanka, kwalekwale a ɗaure bakin ruwa. Tayar gaba ta faɗa ramin farko. Abin da ya ƙi haɗuwa a rumfa sai ya haɗu a nan. Algaita ta fashe daga sifiku huɗu da ƙarfin da motar ba ta taɓa yi ba tun da aka ƙera ta, ganguna suka biyo baya. Malam Yunusa ya zabura har hularsa ta faɗi. Suka sake faɗa wani ramin, kiɗa ya ɗauke.

Sunusi ya gyara zama, ya murmusa. "A gaya wa Baba aiki ya yi."

"Ka ce masa," in ji Alhaji, "gidan makoki za mu."

Kafin Malam Yunusa ya gama sa wa wannan saƙon riga, wani ramin ya sake kunna ta. Sunusi ya zura hannu ƙarƙashin ɗankwali yana laluben maɓalli. Maɓalli yana can cikin kwatar Haɗeja. Sai ya ga dabara. Tunda rami ke kunnawa rami ke kashewa, to sai a bi da rami. In kiɗa ya ɗauke, ya riƙa kauce wa ramuka kamar mai tsallake ƙaya. In ya kama, ya nemi rami mafi kusa ya afka da gangan. Manoma suka miƙe da lauje a hannu suna kallon farar mota tana tangaɗi a kan hanya, tana barin wuri mai kyau tana bin ramuka ɗaya bayan ɗaya, tana waƙa tana shiru. Wani ya ce direban ya sha wani abu. Wani ya ce a'a, motar ce ta sha.

Kan Alhaji ya bugi rufi har ya fi sau ɗaya. Ya riƙe rawaninsa da hannu, ya ce wa Yunusa ya tambayi mijin yarinyar nan ko akwai ramin da ya yi masa laifi. Sunusi ya ce a gaya wa Baba gwaji ne, dole sai an yi.

Can Alhaji ya ɗaga hanci. "Yunusa, ka ce masa ina jin ƙauri."

Malam Yunusa ya fara da cewa Alhaji ya san shi yaro ne mai lura, kuma ba don yana shakkar aikinsa ba, sai dai shi hanci ba a hana shi jin abin da ya ji. Sunusi ya ce manoma ne suke ƙona ciyawa. Aka mai da amsa baya. Alhaji ya ce ciyawa ba ta warin roba. Aka sake kawo wannan gaba, da gaisuwarsa da komai. Ana cikin haka wani abu baƙi mai zafi ya ɗigo daga ƙarƙashin ɗankwali a kan ƙafar Malam Yunusa. Ya naɗe ƙafafunsa a kan kujera, ya ce wannan kuma ba saƙon Alhaji ba ne, nasa ne.

Sunusi ya ce sun kusa. Gaskiya ya faɗa, sau ɗaya.

A bakin ƙauyen akwai wani tudun kwalbati. Motar tana shiru ta hau shi, ta sauko da kiɗa. Daga nan kuwa hanya sumul, farin rairayi har tsakiyar gari, ko ramin kurciya babu. Sunusi ya duba hagu, ya duba dama. Babu.

Mutane suna zaune a tabarmi ƙarƙashin tsamiya a ƙofar gidan mamaci, liman ya ɗaga hannu, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ga mota ta shigo da algaita da ganga irin na ranar kai amarya. Hannuwa suka tsaya a sama. Sunusi ya taka birki, ya kashe mota, ya zare makulli ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Kiɗa bai san an yi ba.

Wani tsoho ya taso ya leƙo ta taga, ya ɗaga murya ya ce ko ɓatan hanya suka yi, bikin a ƙauyen gaba ne.

Alhaji Bunu ya buɗe ƙofa ya fito. Bai dubi kowa ba. Ya taka a hankali har gaban 'ya'yan mamaci, ya tsuguna, ya yi ta'aziyya. An ga bakinsa yana motsi, amma ba wanda ya ji abin da ya ce. Liman ya sake ɗaga hannu, ya ɗaga murya, algaita ta fi shi. Yaran gari da suka biyo motar tun daga kwalbati suka fara taka rawa, manya suna kai musu duka da hula.

Wani ya ce a cire batir. Sunusi ya ce ai abin da zai yi ke nan, su ba shi wuri. Ya ja hannun buɗe bonet. Hannun ya biyo shi gaba ɗaya, da guntun waya a jiki. Ya tsaya yana kallonsa. Ya sa shi a aljihu.

Ya ce to zai janye motar daga wurin. Ya mai da makulli ya murza. Ko tari ba ta yi ba. Sai waifa da ta ɗaga sau ɗaya ta koma.

Nan kiɗa ya tsaya cak. Mutane suka sauke ajiyar zuciya, liman ya ce to madalla, ya fara. Ashe kira ne ya shigo salular. Ta yi ƙararta ta cikin sifiku har tsuntsaye suka tashi daga tsamiya, ba mai iya kai hannu gare ta. Mai kira ya gaji ya kashe. Algaita ta ɗora daga inda ta tsaya.

Wata tsohuwa, yayar mamacin, ta fito daga cikin gida da muciya a hannu. Ta tambayi wane ne mai wannan aikin. Duk aka nuna Sunusi.

"Ɗan nan, ƙanena ya ci maka wani abu ne?"

Sunusi ya ce, "Iya, matsalar rami ce. A samo min rami ɗaya kawai, yanzu za ta yi shiru."

"Rami ɗaya muka haƙa yau," in ji ta, "kuma da mai shi a ciki."

Samarin ƙauyen, masunta ne duka, suka sa kafaɗa suka fara tura motar, Sunusi a kan sitiyari yana nuna musu hanya. Suka zaga bayan masallaci neman rami, ba su samu ba. Suka bi ta gaban rumbuna, babu. Yara a baya suna tafi, kiɗa yana tashi, har matan da ke nesa suka fara guɗa suna tambayar 'yar wa aka kawo. Hanya ta sake dawo da su ta gaban tsamiya, masu makoki suka bi su da ido. Lokacin hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin ɗankwali, fari da farko, sannan baƙi. Ɗankwalin ya kama.

Masunci in abu ya kama wuta ba ya dogon tunani. Suka karkata motar suka gangara da ita bakin ruwa, a guje. Sunusi yana cewa su tsaya, ya san abin da zai yi, lokacin da suke Kano. Ba su tsaya ba. Hancin motar ya nutse har gilashi. Wani ya cika gora ya sheƙa ta taga, rabi a kan wutar, rabi a kan injiniya. Algaita ta yi wani kuka kamar akuya a hannun mahauci, ta shaƙe, ta mutu.

Sai a lokacin aka ji liman daga can yana cewa Allah ya jiƙansa, mutane suna amsawa.

Da aka shafa addu'a, babban ɗan mamacin ya tambayi Alhaji cikin ladabi ko wane ne direban nan.  Alhaji ya ce, "Mijin 'yata ne." Mutane suka yi masa sannu, har wasu suka fi yi masa sannu a kan wanda aka yi wa rasuwa.

Shu'ibu ya iso da mata a adaidaita, ya tarar da mota a ruwa. Bai yi dariya ba, ya dai juya baya kafaɗunsa suna rawa. Alhaji da Malam Yunusa suka matsa cikin adaidaitar. Kafin su tashi, Alhaji ya ce a gaya wa mijin yarinyar nan motarsa ba ta taɓa kwana a daji ba, kuma ba yau za ta fara ba.

Babu motar ja a ƙauyen. Sai wani Bafillatani mai bijimai biyu da yake jigilar shinkafa. Da ya ji motar Babarbare ce ya ce zai ja ko don ya samu abin ba da labari, tunda dama Barebari ba su taɓa zuwa ko'ina ba sai Fulani sun ja su. Aka ɗaura igiya, bijimai suka tsamo ta tana zubar da ruwa da ciyawa. Sunusi ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar kujera ya riƙe sitiyari, fuska duk baƙin hayaƙi, gira ɗaya ta ƙone. Bafillatanin ya ce masa ya riƙe da kyau, kada ya wuce su.

Suka shigo Haɗeja bayan la'asar, kasuwa tana tashi, hanya cike da mutane. Babu wata hanyar zuwa gidan Alhaji sai ta bakin kasuwa, sannan ta gaban mai shayi. Masu adaidaita suka jeru a bayansu suna danna hon. Masu kifi suka bar kwandunansu. Wani ya tambaya ko sabon samfuri ne daga Kano. Sunusi ya leƙo ya ce mai yake tattali, wanda bai san mota ba ba zai gane ba. Bijimin hagu ya tsaya a tsakiyar titi ya yi abin da shanu suke yi, tayar mota ta bi ta kai.

Asabe tana kwashe kaskonta suka wuce. Ta sa hannu a goshi ta duba da kyau.

"Sannu da hanya, injiniya. Wannan dusa take ci ko harawa?"

Adila tana tsaye a bakin zaure. Ta ga mijinta, ta ga abin da ya rage na ɗankwalinta a maƙale jikin robar taya. Ta koma ciki ta sa sakata.

A ƙofar gidan Alhaji an shimfiɗa tabarma, dattawan unguwa sun taru. Shu'ibu ya leƙa cikin motar, ya daɗe, ya fito ya ce rediyo da salula sun narke sun zama dunƙule ɗaya, wayoyi sun ƙone har gidan makulli, sai an sake sabo gaba ɗaya. Sunusi ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ya miƙa wa Malam Yunusa makulli da hannu biyu. Ya ce a gaya wa Baba aikin kansa ya yi, kowa ya ji da kunnensa, ɗan saiti ne kawai ya rage, in an ba shi zuwa jibi.

Malam Yunusa ya buɗe baki zai yi gyaran murya, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Mai da masa," in ji shi. "Makullin yake so, ya riƙe. Shu'ibu, kai ka ɗauki motar."

Har yau makullin yana hannun Sunusi. Ya sa masa zobe, yana juya shi a yatsa wurin mai shayi, yana ajiye shi a kan tebur yadda zai yi ƙara. 'Yan gari ba sa ko ɗaga kai. Amma in baƙo ya zauna ya tambaye shi ina motar, sai ya kurɓi shayi, ya dubi titi, ya ce yaronsa Shu'ibu ya fita da ita.